Tuntuɓar Jeka-Na-Yi-Ka: Abin da Kasuwar Seven Sisters Ta Tona

Da an ambaci Tottenham, ƙwallon ƙafa ne ke fara zuwa a ran mafi yawan mutane. Amma kafin ƙungiyar ƙwallo akwai unguwa, tana arewacin Landan, ƙarƙashin ƙaramar hukumar Haringey, wadda ƙidayar 2021 ta ba ta mutum wajen 264,000. Duk wanda ya taka babban titin unguwar da ƙafa, daga kudu har zuwa filin wasa, zai wuce gidan burodin Baturke, da shagon kitson 'yar Gana, da cocin 'yan Najeriya, da gidan shayin 'yan Somaliya, da kantin kayan abincin 'yan Jamaika, da na mutanen Gabashin Turai. Harsunan da ake yi a wannan ƙaramar hukuma sun haura 100. Hukumomi kan yi alfahari da haka a takardunsu na talla. Ko suna jin abin da ake faɗa musu da waɗannan harsuna ranar da za a yanke wa unguwar makoma, wannan kuma wata magana ce daban.

A bakin kudancin titin, bisa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Seven Sisters, akwai wani tsohon gini da ake kira Wards Corner. Babban kanti ne a da, ya rufe a 1972, benensa ya zauna kango shekara da shekaru. A ƙasa kuwa kasuwa ta tsiro, mai rumfuna wajen 60, mafi yawan masu su 'yan Latin Amurka, musamman 'yan Kolombiya, sai 'yan Afirka da 'yan Karebiya da mutanen Gabas ta Tsakiya. Akwai masu abinci, da masu aski, da masu gyaran gashi, da masu aika kuɗi gida, da masu taimaka wa baƙo ya fahimci takardar hukuma. 'Yan Kolombiya suka yi mata laƙabi da Pueblito Paisa, wato ɗan ƙauyen mutanen yankin Paisa na ƙasarsu.

Labarin wannan kasuwa hujja ce a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a harkar tsara birane: a yanke hukunci a ofis, sannan a fita jin ra'ayin jama'a. Irin wannan tuntuɓa ta fi rashin tuntuɓa muni. Wanda ba a tambaya ba ya san an tsallake shi, yana da bakin kuka. Wanda aka tambaya aka watsar da amsarsa kuwa, an karɓe masa har bakin kukan, tunda takarda ta nuna ya halarci taro, ya sa hannu, ya sha shayi. A unguwar da jama'arta suka bambanta a harshe da asali da ƙarfin aljihu cutar ta fi tsanani, domin hanyar da aka bi wajen tambayar ita ce ke zaɓen wanda za a ji.

Shekara 17 a kan kusurwa ɗaya

A 2004 ƙaramar hukumar Haringey ta fitar da abin da take so a yi da wurin, ta kuma zaɓi kamfanin gidaje na Grainger ya zama abokin aikinta. A 2007 aka ƙulla yarjejeniya. A ƙarshen 2008 aka ba da izinin gini: a rushe kasuwar da shaguna da gidajen da ke jikinta, a gina benaye masu gidaje kusan 200 da sababbin shaguna, ba tare da gida ko ɗaya mai rangwame don masu ƙaramin ƙarfi ba. An yi tuntuɓa, babu mai musun haka. An baje zane, an raba takardu, an kira tarurruka, an karɓi ƙorafi a rubuce. Sai dai lokacin da zanen ya iso gaban 'yan kasuwa an riga an zaɓi kamfani, kuma lissafin ribar kamfanin a kan rushewa ya dogara. Ana iya tattauna tsawon bene da launin bulo. Tambayar da ta fi damun mai rumfa, wato ko dole ne a rushe, ba ta cikin abin da aka kawo a tattauna.

Wata mazauniyar unguwar ta kai ƙara, kuma a 2010 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke izinin. Dalilin kotun abin lura ne. Dokar hulɗar launin fata ta 1976 ta ɗora wa kowace hukuma nauyin ta duba yadda hukuncinta zai shafi daidaiton dama da kyakkyawar hulɗa tsakanin jinsunan mutane. Bayanin cewa masu rumfunan da mazauna gidajen da za a rushe galibinsu 'yan tsirarun ƙabilu ne yana gaban hukumar, mutane sun rubuto shi, sun faɗe shi da baki. Kotu ta gano cewa ba a auna shi yadda doka ta buƙata ba sa'ad da aka zo yanke hukunci. Maganar ta shiga fayil, ba ta hau sikeli ba.

Bayan haka aka koma fagen daga. A 2011 kwamitin kansiloli ya ƙi amincewa da buƙatar kamfanin, a 2012 ya amince da wadda aka gyara, mai gidaje 196, da alkawarin za a ba 'yan kasuwa wurin wucin gadi, sannan a dawo da su sabuwar kasuwa da rangwamen haya na ɗan lokaci. Hukumar ta nemi ikon karɓe filayen da ƙarfin doka tare da biyan diyya, aka yi zaman bincike a bainar jama'a a 2017, gwamnatin tsakiya ta tabbatar da ikon a farkon 2019. A tsakanin haka ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan'adam suka yi gargaɗi, a 2017 da kuma 2019, cewa aikin barazana ne ga rayuwar al'adar waɗannan mutane. A Maris na 2020 aka rufe kasuwar lokacin annobar korona, kuma hukumar sufurin Landan, wadda ita ce mai ginin, ta bar ta a rufe saboda ta gano ginin ba shi da lafiyar da za a ci gaba da zama cikinsa. A Agusta na 2021 kamfanin Grainger ya janye, ya ce aikin ba zai ƙara fitar da kuɗinsa ba.

Ga abin da shekara 17 suka haifar: ba a gina gida ko ɗaya a kusurwar ba, tsohon ginin ya ƙara lalacewa, a 2021 'yan kasuwa na waje, an kashe kuɗin jama'a a kan lauyoyi da masu ba da shawara. Wanda ya ce tuntuɓa ta gaskiya tana ɓata lokaci, sai ya faɗi nawa wannan ta boge ta ci.

Ma'aunin da doka da kanta ta kafa

Ba za a ce hukumomin Birtaniya ba su san bambancin ba. Tun 1969 wani kwamitin gwamnati ƙarƙashin Arthur Skeffington ya ba da rahoto cewa a sa jama'a cikin tsara garuruwansu tun daga farkon aiki. A shekarar nan kuma wata ma'aikaciya a Amurka, Sherry Arnstein, ta wallafa maƙalar da har yau ake koyar da ɗaliban tsara birane, inda ta kwatanta shigar jama'a da tsani mai matakai 8. A ƙasa akwai juya mutane da lallashinsu, a sama akwai haɗin gwiwa, da miƙa wani ɓangare na iko, da riƙe ikon gaba ɗaya. Tuntuɓa tana mataki na 4, cikin rukunin da ta ɗauka na cika ido ne kawai, domin ana jin mutum amma babu abin da ya tilasta a yi aiki da abin da ya ce.

Kotunan Ingila ma sun kafa nasu ma'aunin. A wata shari'a ta 1985 kan rufe makarantu a ƙaramar hukumar Brent aka tsayar da sharuɗɗa 4 da lauyoyi ke kira ƙa'idojin Gunning: a yi tuntuɓa tun shawara ba ta daskare ba; a ba da isasshen dalili yadda mutum zai iya tunani ya mayar da amsa; a ba da isasshen lokaci; sannan a auna amsoshin da zuciya ɗaya kafin a yanke hukunci. Kotun Ƙolin Birtaniya ta rungumi waɗannan sharuɗɗa a 2014, kuma hukumar da aka kai ƙara a shari'ar ita ce Haringey ɗin nan dai.

Batun a wannan karo harajin gida ne. Gwamnatin tsakiya ta rage kuɗin da take bayarwa don sauƙaƙa wa matalauta wannan haraji, Haringey ta yanke shawarar ɗora giɓin a kan matalautan, ta aika musu takarda tana neman ra'ayinsu. Takardar ta gabatar da ragin kamar abin da ba makawa, ba ta ambaci cewa akwai wasu hanyoyi da hukumar ta duba ta ƙi ba, irin su ƙara haraji ga kowa, ko rage wasu ayyuka, ko taɓa kuɗin ajiya. Kotun Ƙoli ta ce wannan tuntuɓa ta saɓa doka. Ta ƙara da cewa adalci ya fi neman a tsananta bayani idan waɗanda ake tambaya masu rauni ne, ko kuma idan wani abu da ke hannunsu za a karɓe. Amma kotun ba ta umarci a sake tuntuɓar ba, tunda tsarin ya riga ya yi nisa da aiki. Matalautan suka ci shari'a, suka ci gaba da biyan harajin.

Wannan ita ce dabarar da ke ƙarƙashin kowace tuntuɓar jeka-na-yi-ka: a ɓoye zaɓi. Ba sai an yi ƙarya ba. Ya isa a kawo hanya ɗaya a ce ita kaɗai ce, a bar mutane su yi ta gardama a kan adonta.

Wa ake ji idan an ce jama'a?

A unguwa irin Tottenham kalmar jama'a tana ɓoye fiye da abin da take bayyanawa. Taron da aka kira ƙarfe 7 na yamma a zauren hukuma ya riga ya tace mahalartansa. Mai gidan kansa da ya yi ritaya zai zo. Direban bas mai aikin dare, da matar da ke sharar ofisoshi bayan an tashi, da uwar da ba ta da mai riƙe mata yara, ba za su zo ba, kuma rashin zuwansu za a rubuta shi a matsayin rashin ƙorafi. Takardun neman izinin gini ɗaruruwan shafuka ne da Turancin lauyoyi da injiniyoyi, wanda ko haifaffen Landan sai ya nemi mai fassara masa. A miƙa wa mai rumfar abinci da Sifaniyanci ne harshenta irin wannan tuli, a ce tana da makonni kaɗan ta mayar da amsa a rubuce, sannan a ce an ba ta dama, wannan cin fuska ne da aka yi wa ado da ladabi.

Bayan harshe akwai takarda. Tsarin mallakar ƙasa yana ganin mai fili, yana ganin mai doguwar yarjejeniyar haya, su ake aika wa wasiƙa, su ake lissafa wa diyya mai tsoka. Mai rumfar da ke biyan kuɗin wuri ga mai kula da kasuwa, da yaron da ke aiki a rumfar, da wanda ke hayar ɗaki ɗaya a saman shago, duk suna can ƙasan jeri, alhali su rushewar za ta fi girgizawa. Wanda ya fi kowa asara shi ya fi kowa ƙarancin murya. Baƙon da takardun zamansa ba su gama daidaita ba kuwa, ko an roƙe shi ba zai rubuta sunansa a rajistar taron hukuma ba.

Sannan akwai gajeriyar hanyar da jami'ai ke so, ta neman shugabannin al'umma. A kira limami ɗaya, fasto ɗaya, shugaban ƙungiyar 'yan ƙasa kaza, a ɗauki hoto, a rubuta cewa an tuntuɓi Turkawa da 'yan Somaliya da 'yan Latin Amurka. Amma ƙabila ba ta da ra'ayi ɗaya a kan haya da rushewa. A kasuwar Seven Sisters kanta 'yan kasuwa sun rabu: wasu sun yarda da tayin kamfanin domin sun gaji da gini mai yoyo, wasu sun ƙi domin sun lissafa cewa da zarar rangwamen ya ƙare hayar sabon wuri za ta kore su. Dukkansu suna da hujja. Hukumar da ke son gaskiya za ta fito da wannan saɓani fili ta auna shi. Wadda ke neman hatimi kuwa ɓangaren da ya yi mata daɗi za ta ɗauka ta kira shi muryar al'umma.

Abu na ƙarshe shi ne abin da fom ba ya iya ɗauka. Mai ƙiyasin kadara zai auna faɗin rumfa da kuɗin hayarta. Ba shi da gurbin da zai rubuta cewa a nan ne yaran masu aiki ke zama bayan makaranta ƙarƙashin idon maƙwabta, a nan sabon zuwa ke samun labarin aiki da ɗakin haya, a nan tsohuwar da ba ta jin Turanci ke samun mai karanta mata wasiƙar asibiti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san ginshiƙin da in aka cire rufin zai faɗo. Wannan sani shi ne dalilin tuntuɓa tun asali. Hukuma ba alfarma take yi wa mutane ba idan ta tambaye su, ilimin da ba ta da shi take nema, kuma ta fi su buƙatarsa.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu kare hukumomi suna da maganganu uku, kuma babu wadda ta cancanci a yi mata dariya. Ta farko, Landan na fama da ƙarancin gidaje, dubban iyalai a Haringey na zaune a masaukin wucin gadi, kuma fili bisa tashar jirgi shi ne ya fi dacewa da benaye. Ta biyu, idan aka ba mazauna ikon hanawa, masu hali ne za su fi amfani da shi, su toshe kowane gini don kare darajar gidajensu, waɗanda ba su da gida kuma ba sa zuwa taro domin ba su riga sun zama mazauna ba. Ta uku, an zaɓi kansiloli ne don su yanke hukunci mai ɗaci, ba za a mayar da kowace shawara ƙuri'ar raba gardama ba.

Ta farko gaskiya ce, amma ba ta kare wannan aiki ba. Gidaje 196 da ba ko ɗaya mai rangwame a cikinsu ba za su fitar da iyalin da ke masaukin wucin gadi daga halin da yake ciki ba. An ɗauki kukan marasa gida an yi garkuwa da shi don a tashi wasu marasa ƙarfin. Ta biyu ma gaskiya ce, sai dai hujja ce a kan mummunar tuntuɓa. Idan taron zaure masu hali kaɗai ke cika shi, maganin shi ne a fita daga zauren, a bi mutane rumfa-rumfa da harshensu, a zaɓo mahalarta ta hanyar ƙuri'a daga dukkan rukunan unguwa, har da waɗanda ke jerin jiran gida. Ta uku kuwa ita ce ta fi nauyi, kuma amsarta mai sauƙi ce: kansila na da ikon ya yanke hukuncin da mutane ba sa so, amma ya fito ya ce nasa ne, ya faɗi dalilinsa, ya jira ranar zaɓe. Abin da ba shi da ikon yi shi ne ya yanke hukunci sannan ya ari bakin jama'a ya ci musu albasa.

Akwai kuma abin da ke rushe zargin cewa masu adawa ba su da abin yi sai hanawa. 'Yan kasuwa da mazauna unguwar sun haɗu da masu zanen gine-gine sun fitar da nasu tsari: a gyara tsohon ginin, a buɗe benen da ya zauna kango, a faɗaɗa kasuwar, a riƙe ta a hannun wata ƙungiyar al'umma. Suka nemi izinin gini kamar kowa, kuma ƙaramar hukumar Haringey ta ba su a 2014, ta sake ba su a 2019. Wato hukumar da kanta ta amince cewa akwai wata hanya da ta cika ƙa'ida, a daidai lokacin da take neman ikon karɓe filin don hanyar farko. Sai bayan kamfanin ya janye a 2021 shugabancin hukumar ya fito ya goyi bayan tsarin al'umma.

Inda ƙuri'a ta shigo

Tottenham ta gwada abin da ya fi taron zaure. A 2017 majalisar zartarwar Haringey ta amince ta kafa kamfanin haɗin gwiwa, rabi da rabi, da kamfanin Lendlease, a zuba masa filaye da rukunan gidajen hukuma, a aikin da aka ƙiyasta zai kai fam biliyan 2. An yi zanga-zanga, an kai ƙara kotu ba a yi nasara ba. Abin da ya tsayar da shirin siyasa ce: 'yan jam'iyyar Leba a mazaɓu suka sauya 'yan takara, shugabar hukumar, Claire Kober, ta sanar a Janairun 2018 cewa za ta sauka, kuma sabuwar majalisar da ta hau bayan zaɓen Mayu ta soke shirin a Yuli. An saurari mutane ne ranar da ƙin sauraronsu ya zama yana da farashi.

A wannan shekarar Magajin Garin Landan, Sadiq Khan, ya kafa sharaɗi cewa duk babban aikin da zai rushe gidajen hukuma, in yana son kuɗin ofishinsa, sai mazauna sun kaɗa ƙuri'ar amincewa. A 2021 aka yi irin wannan ƙuri'a a rukunin gidaje na Love Lane, mai gidaje kusan 300, daura da sabon filin wasan Tottenham, kuma kusan kashi 56 cikin 100 suka amince. Wannan ci gaba ne na gaske, domin sanin cewa mutane na iya cewa a'a ya sa aka yi musu tayin da ya fi na da, har da alkawarin gidan hukuma na dindindin ga waɗanda ke zaman wucin gadi.

Amma ƙuri'ar ma ta nuna iyakarta. Hukumar da ke son a ce e ita ce mai gidan masu zaɓen, ita ke da ma'aikata da kuɗin bin ƙofa-ƙofa, kuma wasu mazauna sun yi ƙorafin an matsa musu. Masu shaguna a bakin titi da masu ƙananan masana'antu a rukunin Peacock da ke kusa, waɗanda aikin zai tashe su, ba su da ƙuri'a, domin ƙa'idar mazauna gidajen kaɗai ta lissafa. Wanda ya ja layin da ya raba mai zaɓe da ɗan kallo ya riga ya yi rabin zaɓen.

Abin da ya kamata a tilasta

Maganar ba ta tsaya a Ingila ba, domin kayan aikin sun yi tafiya. Dokar tsara birane da Turawan mulki suka kafa wa Najeriya a 1946 daga dokar Ingila ta 1932 aka ɗauko ta, kuma dokar 1992 da ta maye gurbinta ta tanadi a baje daftarin tsari a karɓi ƙorafin jama'a. Injiniya ko lauya ko jami'in filaye da ya taɓa zama a teburin irin wannan taro ya san yadda ake cika sharaɗin ba tare da an taɓa zanen ba.

Daga abin da ya faru a Tottenham ana iya fitar da sharuɗɗa kaɗan da ba su buƙatar sabuwar falsafa. A tambayi mutane kafin a zaɓi kamfani, domin bayan sa hannu kowace gyara ta zama asarar wani. A kawo zaɓi fiye da ɗaya, har da na gyara abin da ke akwai, kowanne da kuɗinsa a fili. A faɗa tun farko abin da za a iya sauyawa da abin da aka riga aka yanke, don kada mutum ya ɓata darensa a kan ƙofar da aka kulle. A lissafa duk wanda aikin zai taɓa, mai takardar mallaka da marar ita, a same shi inda yake, da harshen da yake mafarki da shi. A ba mazauna kuɗin ɗaukar nasu ƙwararre mai zaman kansa, tunda kamfani ba ya zuwa taro ba lauya. A ƙarshe kuma a wallafa amsa: ga abin da aka ce, ga abin da aka sauya saboda shi, ga abin da aka ƙi da dalilin ƙin.

Wannan na ƙarshe shi ne zakaran gwajin dafi. Rahotannin tuntuɓa sun ƙware wajen ƙirga tarurruka da takardun da aka raba da mutanen da suka leƙo. Yawan waɗannan ba ya nuna komai face ƙwazon ma'aikata. Duk hukumar da ta ce ta ji ra'ayin jama'a, a nemi ta ajiye zanen farko kusa da na ƙarshe, ta nuna layin da ta goge saboda abin da ta ji. A Seven Sisters, duk layin da aka goge sai da kotu ta sa baki, ko zaɓe ya ƙarato, ko lissafin kamfani ya rushe da kansa. Sa'ad da aka yarda a saurari 'yan kasuwar a 2021, ƙofar kasuwarsu ta fi shekara a kulle, suna tsaye a bakin titi da tsarin da suka riƙe izininsa tun 2014.